Yadda Aka Kama Ni da Satar Amsar Digiri

Ni dai tun farko ban yarda da makarantar nan ba, kuma ina so a san haka kafin a ji sauran. Makarantar da ba ta da ƙofa, ba ƙararrawa, ba hedimasta, ba ko bishiyar da za a sa ɗalibi tsallen kwaɗo a gindinta, wai kuma digiri take bayarwa. Mu da muka yi boko lokacin da boko yake boko, sai an ga ƙafarka a aji kafin a yarda ka zo.

'Yata ta biyu ce ta jawo mini ita gida. Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa uwata nake ce mata. Tun rasuwar mijinta ta dawo gidana nan Unguwar Kanawa da 'ya'yanta, tana aiki a wata ma'aikatar gwamnati, ofishin da ake ajiye fayil ɗin ma'aikata. Kujera ɗaya ta yi shekara da shekaru tana ɗumamawa. Yaran da ta nuna wa inda ake sa hannu sun zo sun wuce ta, yau ita ke ce musu ranka ya daɗe, don su digiri gare su, ita difloma. An gaya mata ba ɓoye-ɓoye: in babu digiri, a kujerar nan za ta yi ritaya. Ajiye aiki ta koma jami'a kuwa ba ya cikin lissafi, ga marayu. Sai ta ce ta samu jami'a a cikin kwamfuta.

Na tambaye ta a wane gari jami'ar take. Ta ce ko'ina. Na ce to, aljani ma haka yake.

Daga nan, in ta dawo aiki ta yi la'asar, sai in riƙa jin muryoyin maza a ɗakinta, suna ta zuba Turanci. Ina zaune a zaure, ba wanda ya wuce ta gabana, ba wanda ya yi mini sallama. Na kai ƙara wurin tsohuwar gidan, uwarta. Ta ce in bar yarinya ta yi karatunta, in kuma sallama nake so in je tasha. A majalisarmu ta bakin masallaci kuwa, wani abokina Bakatsine mai sayar da tayoyi a Kawo ya rantse cewa duk 'yan damfara ne, ranar yaye ɗalibai sai dai a wayi gari makaranta ta ɓace ɓat. Da yake ni ake tambaya a majalisar in an ga takardar Turanci, sai na ce a bar mini, ina kan bincike.

Haka muka yi ta tafiya har jarrabawar ƙarshe ta zo, wadda uwata ta ce in ta faɗi ta sai ta maimaita shekara. Ranar Juma'a bayan an sauko ta zaunar da ni ta karanta mini dokokin. Gobe da hantsi za ta rufe ƙofa. Kada kowa ya kasance a ɗakin. Za ta ɗaga kwamfutar ta nuna wa mai tsaron jarrabawa kusurwa-kusurwa, har ƙarƙashin gado, sannan ya zuba mata ido ta cikin na'urar har ta gama.

Namijin da zai ce wa mace ta rufe ƙofa, ta tabbatar babu kowa, ta nuna masa ƙarƙashin gado, a zamaninmu akwai sunan da muke kiransa da shi, kuma ba malam ba ne.

"Baba, don Allah gobe ka zauna a zaure," in ji ta. "Ko tari kada ka yi kusa da tagar."

Na ce ai ni ba yaro ba ne.

Ƙofar ɗakin nata tun damina ta kumbura ba ta rufuwa ruf, labule ke cike ragowar. Da gari ya waye aka tura jikoki gidan ƙanwata a Kurmin Mashi, tsohuwa ta shiga kicin. Ni kuma na cire takalma na je na tsaya bayan labulen nan, don hakkin uba. Ba namiji na gani ba, ba mace ba. Rubutu kawai, da uwata ta haɗa goshi tana gumi. Can ta kai wata tambaya ta tsaya cak, ta dafe kai. Abin ya taɓa ni. Na sassauta murya na ce, "Ki yi bismillah, uwata."

Ashe madubin jikin wardirof ɗinta yana kallon labule, na'urar kuma tana kallon madubin. Hulata, gemuna da bakina yana motsi, duk an ɗauka. Nan take aka rufe mata jarrabawar, aka rubuto cewa ana zargin wani dattijo da ba ta amsa.

Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Tuwo take ajiye mini ta ce ga shi Baba, ta juya. Tsohuwa ce ta ɗauki nauyin faɗan, ta yi shi har da na gobe. Amma ba zan ɓoye ba, a majalisa na ɗan gyara zama. Ba kowane tsoho jami'a ke zargi da sanin amsar digiri ba.

Sai aka sa ranar sauraron bahasi, aka ce a zo da dattijon. Na sa babbar riga na zauna gaban kwamfuta kusa da uwata, na shirya wa mutumin nan maganar da zan gaya masa a kan ƙarƙashin gado. Fuska ta bayyana, sai ga mace, ta manyanta, da tabarau da mayafi. Ta yi mini sallama cikakkiya, ta tambayi iyali da Hausar Sakkwato. Duk maganar da na tanada ta bi ruwa.

Ta tambayi zurfin karatuna. Na ce na yi boko lokacin da boko yake boko. Ta ce aji nawa ke nan. Uwata ta taka mini ƙafa. Na ce huɗu, na elemantare, amma huɗun da. Sai ta fito da tambayar da aka kama ni a kanta, ta ce in karanta mata in faɗi abin da na fahimta.

Na gyara tabarau na tunkari kalmar farko. Doguwa ce kamar jirgin ƙasa. Na shiga ta gaba na maƙale, na dawo na shiga ta baya. Na tsallake ta, ta biyun ta fi ta mugunta. Matar nan ta sa bakin mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa.

"Ya isa, Baba," in ji ta. "Mi ka ce mata ran nan?"

"Bismillah na ce ta yi."

"To wagga amsa ba ta cikin waɗanda muka hana."

Aka ba uwata damar sake zaman jarrabawar. Ranar, da kaina na ɗauki kujera na toshe ƙofar zaure, na kori mai gyaran mita, na kori Bakatsine, na haɗiye tari har idona ya yi ja. Ta ci. Yanzu akwai masu ce mata ranki ya daɗe a ofis, tuwona kuma ya koma zuwa da hira.

A majalisa na bayyana musu cewa da gangan na yi ta tuntuɓe a karatun nan, don in ceci yarinya. Bakatsine ya ce haka ne, sai ya miƙo mini takardar maganin hawan jininsa in karanta masa. Na ce na bar tabarau a gida.

Makarantar kuwa har yau ban ga ƙofarta ba. Ina nan ina bincike.