Kunnen 'yata da amfilin babanta

Shekarun baya, muna zaune a afatmen na kan High Point Road, ba ni da fargabar da ta wuce kunnen 'yata. Ƙanena a gida kurma ne, zazzaɓi ya tafi da jinsa tun yana goye. Shi ya sa tun da na haihu nake tafa hannu a bayan kanta, sai ta zabura hankalina yake kwanciya. Ni ma na san abin nawa ya yi yawa.

Maigidana yana aikin sito a Wendover, amma zuciyarsa na kan jita tun muna Tawa. Da muka zo nan ya haɗu da wani dattijo mai kiɗa a coci, ya koya masa kiɗan blues, shi ke nan. Ya sayo amfili, wato lasifikar jita, babba kamar akwatin lefe, irin mai kwalabe a ciki da suke yin ja in sun ɗau zafi. Wai muryar da yake nema, mai kaushi kamar ta wanda ya sha kuka, ba ta fita sai an murɗa shi sosai. Akwai kuma ɗan akwati kore da yake takawa da ƙafa, fedal. Ban yi boko mai nisa ba, amma ina da kunne. Na lura in ya taka shi, jitar na yin wannan kaushin ko da a hankali. Na faɗa masa, ya ce, "Maman Bebi, wannan kaushin gwangwani ne. Bar abin da ba ki sani ba."

Wata Asabar na tafi kitso na bar masa yarinyar. Tun daga inda ake ajiye motoci na ji tagoginmu na rawa. Na buɗe ƙofa, ga shi da abokinsa da jita biyu, 'yata kuma tana cikin kujerarta ta mota, an ɗora ta a kan amfilin.

"Girgizar ce ke sa ta barci," in ji shi, har da murmushi.

Abokin ya ce, "Madam, 'yar makaɗi ce fa, gara ta saba."

Ban san sanda na fizge wayar daga bango ba. Na ce, "Baban Bebi, ka san ƙanena. Da hannu kuke gaisawa. Shi ne za ka yi mini haka?"

Na ɗauke ta, ta farka, na tafa. Ba ta juyo ba. Washegari ma haka. Ranar Litinin ni da shi muka kai ta asibiti.

Likita ta ce mura ce ta tara ruwa a kunnen, zai wuce. Amma da na kwatanta mata inda aka ɗora yarinyar, sai ta ajiye biro ta dubi maigidana.

Da dattijon ya zo duba mu na gane sauran. Ya ce shi a gida da ƙaramin amfili yake kiɗa, fedal ke ba shi kaushin, kuma tun ranar sayen ya faɗa wa maigidana haka. Ashe ya sani. Kunya ce kawai, kada abokai su ce ya sayi na 'yan koyo.

Wannan ne ya fi ƙona mini rai. Da kaina na ja amfilin zuwa bakin matakala, na ce ko shi ko mu.

Ya canza shi da ƙarami. Muryar da yake so tana nan, ba ta je ko'ina ba. 'Yata kuwa yanzu ko raɗa muka yi a kicin tana ji daga ɗakinta. Na yafe masa tuntuni, amma in na tuna murmushin nan, har yanzu ƙirjina na zafi.

Don Allah, in kun ga jariri kusa da lasifika a wurin suna ko biki, ku ɗauke shi. Kada ku jira uwarsa ta dawo.