Tabarmar da Fuatino Ta Yaye

Abu biyu Fuatino ta nema a gaban alƙali: mijinta Penitito ya riƙa ciyar da 'yarsu Sieni, kuma a raba shi da iko da ita kwata-kwata. Duk wanda ya san rumfarta ta gwaza da ayaba a kasuwar birnin Apia ya san dalili. Ta daɗe tana zuwa da kumburarriyar fuska tana cewa ƙofa ce ta buge ta, har maƙwabciyar rumfarta ta ce, "Ke 'yar'uwa, gidan naku ko bango babu, ina kuka samo ƙofa mai zuciya haka?" Ranar da dukan ya wuce ta ya sauka kan Sieni har ya karya mata kafaɗa, ranar ta kwashi yarinyar suka koma gidan mahaifinta.

Ana gab da ranar shiga kotu, wata rana da sassafe, dangin Penitito suka zo yin ifoga, wato al'adarsu ta neman gafara. Suka durƙusa a filin gidan, kai a ƙasa, lulluɓe da tabarmin da suka gada kaka da kakanni. Haka za su zauna sai wani ɗan gida ya fito ya yaye tabarmar, kuma in an yaye an yafe ke nan.

"Baba, kada ka fita," in ji Fuatino.

"Ni? Su gasu har su yi ƙamshi. Miƙo min kokona."

Rana ta take. Fuatino tana leƙe sai ta hangi ƙafafu biyu a ƙarƙashin tabarmar gaba, kumburarru da ciwon suga. Na Tualagi ne, uwar Penitito, tsohuwar da ta sha ɓoye ta a bayan murhu, ta sha gasa mata jiki tana kuka. Shi kuwa gogan yana can baya inda inuwar kwakwa ta faɗo. Sun san abin da suke yi da suka sa tsohuwar a gaba, marasa kunya!

Tabarmar ta fara rawa, sai ta kife gefe. Fuatino ba ta yi wani tunani ba. Ta suri ruwa ta ruga, ta yaye.

"Inna, sha."

Tsohuwar ta buɗe ido, ta gane ta. "Wayyo 'yata, me ya fito da ke? Mayar da tabarmar, mayar maza!"

Ina! Kawun Penitito ya riga ya miƙe ya fara jawabin godiya, muryarsa har bakin teku. Mahaifin Fuatino ya tsaya baki buɗe. Ba yadda zai yi: ya shigo da su, aka yanka alade, fasto ya sa albarka.

A kotu tambaya ɗaya lauyan Penitito ya yi mata.

"Wa ya yaye tabarmar?"

"Ruwa na kai wa tsohuwa."

"Malama, na ce wa ya yaye?"

"Ni ce."

Alƙali ya ɗora wa Penitito ciyarwa. Amma tunda gidajen biyu sun sasanta, in ji shi, uba zai riƙa ɗaukar 'yarsa duk ƙarshen mako.

"Ranka ya daɗe, ya riƙe kuɗinsa, ya bar min 'yata."

"Ba ciniki muke yi a nan ba."

Wai sun sasanta. Wa ya tambayi yarinyar da aka karya?

Yanzu duk Asabar Fuatino na rufe rumfa da wuri ta raka Sieni tasha. A hanya take yi mata bita: in ya fara ɗaga murya, ki bi ta bayan garken aladu, ki miƙe gidan matar fasto, kada ki tsaya neman takalmi. Yarinyar ta haddace, tana faɗa kamar karatun coci.

Wannan Asabar Sieni ta ja zanen uwarta.

"Mama, in na yi shiru sosai ba zai yi fushi ba ko?"

Motar ta tsaya, Fuatino ta ɗaga ta ta saka a ciki.