Kafaɗar Illa Bahago

Bana shekara talatin ke nan da muka binne Illa Bahago, ɗan damben da ya zo mana daga Nijar. Na san yawancin masu karanta wannan shafi ba su taɓa jin sunansa ba. Kakar dambe biyu kawai ya yi a Kaduna, ko hotonsa babu wanda ya ajiye. Amma ni abokina ne. Ɗaki ɗaya muke kwana a gidanmu na Abakpa, kuma a kan idona aka buge shi.

Abin da ya taso mini da zancensa, kwanakin baya ɗana ke karanta mini wani labari a wayarsa. Wai wata ƙungiya a ƙasar waje tana jan ƙafa wajen ɗaukar wani ɗan Japan, gwanin jifan ƙwallo, saboda likitoci sun hango tsohon ciwo a gwiwar hannunsa. Wasu na cewa a ɗauka, babu mai jifa kamarsa. Wasu na cewa hannun zai ba su kunya ana tsakiyar wasa. Yaron yana ta dariya, wai mutanen nan sun cika tsoro. Ni ban yi dariya ba. An taɓa yin wannan gardamar a rumfar yayana, ba likita ba na'ura, kuma na san inda ta ƙare.

Yaya Garba mahauci ne, kuma a lokacin yana riƙe da 'yan dambe. Shi ke ci da su, shi ke ɗaure musu hannu, shi ke cewa wane ya shiga da wane. Ni kuwa akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati, in na tashi aiki sai in biya rumfar in ci balangu a bati. Ga wanda bai san damben ba, hannu ɗaya ake naɗewa da zare har ya yi tauri kamar kan taɓarya, shi ne mashi. Ɗayan a buɗe yake a gaba, yana tare fuska, shi ne garkuwa. Illa da hagu yake bugu, dama ce garkuwarsa.

Yaya yana da hanyarsa ta gwada mutum. Ba ya tambayar wa ka buge, don ya ce kowane ɗan dambe a bakinsa ya gama da duniya. Cinyar sa yake nuna maka, ya ce ka rataye ta a ƙugiya da hannu ɗaya, ka sauke, ka sake ratayewa da ɗayan. Illa ya ɗaga ta da hagu kamar ya ɗauki fanko. Mahauta suka yi ta kabbara. Da ya koma dama, hannun ya zo daidai kunne ya tsaya cak. Ya ciji leɓe, ya yi wani ɗan tsalle ya cilla ta, ta rataye. Yaya ya matso. Ya zagaya bayansa, ya sa babban yatsa a gaɓar kafaɗar ya danna, yadda yake laluben gaɓa kafin ya sa wuƙa. Daga inda nake zaune na ji ƙashin ya ce ƙwas.

"Yaushe ta goce?"

"An daɗe, maigida. Mai ɗori ya maida ta. Ai wanga hannu ba shi ka bugu ba, tarewa ɗai shika yi."

"Tarewar ce rai," in ji Yaya.

Aka yi kwanaki ana ja-in-ja. Dattawan rumfa suka rabu. Masu so suna cewa wannan hagun kada a sake ta ta tafi gidan wani. Masu ƙi suna cewa ɗan mutane ne, baƙo, in wani abu ya same shi da wane baki za a yi bayani? Yaya ya daina cin abincin kirki. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, in ya sallame shi, Illa ba gida zai koma ba. Zai tsallaka wurin wani maigidan da ba zai taɓa kafaɗar ba, ya jefa shi gaban kowa. A ƙarshe ya ɗauke shi da sharaɗi guda. Mai bugu da dama ta ɓangaren hagun Illa yake zuwa, can kuwa lafiya lau. Amma bahago ɗan'uwansa ta kunnen dama zai sauka, inda garkuwar ba ta kaiwa. Saboda haka ba shi ba bahago, har abada. Illa ya ce ya yarda.

Ya Allah, irin ɓarnar da hagun nan ta yi! A wani fili wajen Mando na ga ya bugi wani ƙato a muƙamuƙi, bakin ya karkace ya koma gefe, mutumin ya durƙusa yana tofar da haƙora cikin yashi. Wani kuma gira ya tsaga masa, jini ya rufe ido, ya rinƙa kai bugu a iska har aka riƙe shi. Ni da ko yankan kaza ba na son kallo, sai ga ni ina ihu har murya ta dushe. In mun dawo gida kuwa ya zauna yana gasa kafaɗarsa da tsumma, yana tsokanata wai Malam Akawu hannunka ko ƙuda ba zai kashe ba. Mutum ne mai dariya, mai son fura da yaji, kuma bai taɓa kwana da fushin kowa ba.

Sai dai gari ba makaho ba ne. Mutane suka lura duk sanda bahago ya fito, Illa na zaune. Aka fara ƙus-ƙus.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar, a filin nan na Mando, wani bahago gajere mai faɗin ƙirji ya ratsa fili har gabanmu, ya tsuguna, ya miƙo wa Illa hannu, alamar su kara. Yaya ya ce masa ya nemi wani. Da a nan aka tsaya da shi ke nan. Amma makaɗa suka juyo da kalangai, suka sako taken Illa, mawaƙin ya kira sunan ubansa da na garinsu, ya tambaya ko tsire ya zo ci Kaduna. Wanda bai tashi cikin dambe ba ba zai gane ba. In an kaɗa wa ɗan dambe takensa a gaban jama'a, jikin ba nasa ba ne kuma. Na ga tsuma ta kama shi tun daga ƙafa. Yaya ya damƙe masa warki ta baya da hannu biyu.

"Illa, mun yi magana da kai."

"Maigida, ka ji dai wanda anka kira."

Ya fizge, Yaya ya faɗi zaune.

A turmin farko Illa ya fasa masa hanci, jini har ƙirji. Na ce a raina ko za mu tsira. Amma mutumin ya riga ya gane. A turmi na biyu bai nemi fuska ba, kafaɗar ya sara. Hannun dama ya saki, ya rinƙa lilo a gefe. Yaya na ihu a raba, a raba, amma wa zai ji shi cikin wannan kiɗa? Illa bai ja da baya ba, ya ma matso. Bugun ya same shi a kan kunnen dama, da ƙara irin ta faskara. Ya faɗi ta fuska, ƙafafunsa na shure-shure, jini na fita ta kunne. Jama'a suka ɗaga wancan sama suna zagaya fili da shi, wasu har suna tsallake Illa. Muka sa shi a bayan akori-kura zuwa asibiti, kansa a cinyata. Bai sake magana ba. Washegari da hantsi ya cika.

Yau ina ganin damben a waya. Akwai sikeli, akwai mai duba lafiya a gefe, har motar asibiti wani lokacin, kuma na gode wa Allah da hakan. Amma ina ganin yara suna maimaita faɗuwar mutum, su mayar baya su sake kallo suna ƙyaƙyatawa, sai raina ya ɓaci. Me Illa zai ce? Ba zan yi masa ƙarya ba don ya mutu. Da ya so abin nan ƙwarai. Da ya sa ni na riƙe masa waya, kuma da ya san yadda zai yi ya ɓoye wa mai duba lafiyar kafaɗarsa. Na'ura tana iya gano ciwo, amma har yau ban ga wadda ke zaunar da mutum in an kaɗa masa take ba.

Bai bar mata ba, bai bar ɗa ba. Kabarinsa ma ya ɓace mana cikin sababbi. Abin da ya rage shi ne tambayar da ta hana Yaya sakat, ga shi yanzu tsoho tukuf a Kurmin Mashi: ɗaukarsa ce ta kashe shi, ko ita ta ƙara masa kaka biyu? Na yi shekaru ina jin haushin Yaya, na yi wasu ina kare shi, yanzu tausayinsa kawai nake ji.

Bayan sadakar bakwai na raka Yaya Nijar kai wa uwar Illa kayansa. Tsohuwa ce siririya. Ta saurare mu har muka gama, sannan ta dubi Yaya.

"Ka san da kahwaɗar?"

Ina ta addu'a a zuci Allah ya sa ya ce a'a. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na sani, Inna."

Ta daɗe tana shafa rigar ɗanta a kan cinya.

"Ni ma na sani," ta ce. "Ni na gasa mai ita da ruwan zahi ranar da za shi tahi."