Bornin Illiya

Illiya mai awon ƙasa ne, ɗan Agadas, mutum mai ƙarancin magana. Na san shi a shekarar fari, 1984, zamanin soja. Ina malamin lise, wato sakandare, a lokacin, ina dawowa daga arewa da ƴata Ramatou, ƙyanda ta kama ta. Kamiyon da muka hau, irin manyan motocin kaya, ya lalace nesa da Dabaga, a fili mara itace ko dutse. Nan Ramatou ta cika.

Kusa da mu wasu ma'aikata sun kafa tanti. Aikinsu su dasa borni, wato ginshiƙin siminti mai ƙusar tagulla, su ɗora na'ura a kansa ta saurari taurarin ɗan'adam har ta fitar da matsayin wurin a doron ƙasa. Illiya na cikinsu. Shi ya haƙa kabarin, muka sallace ta.

Ba su riga sun zuba simintin ba. Na ji ya ce wa shugabansu, "Shef, tunda ko'ina cikin filin nan daidai ne, mu dasa shi nan, wajen kanta."

Shef ya dube ni, ya ce a kawo ruwa a kwaɓa simintin.

A gida matata Hajara ba ta zarge ni ba. Tambaya ɗaya take yi: "Malam, ina ka ajiye ta?" Na koma sau biyu, yashi ya shafe komai. Daga baya tawaye ya rufe hanyar.

Da hanya ta buɗe, soja sun sake karɓar mulki, Illiya ya yi furfura. Ya zo gidanmu da wata ƙaramar na'ura da ya aro a ofis. Ya ce wa Hajara, "Hajiya, ɗauko mayafinki. Wurin yana da lamba a taswirar ƙasa."

Muka tafi. A wani tudun yashi ya tsai da mota, ya yi ta taku yana duban na'urar, sannan ya ce wa direba, "Alkasum, bar shayin nan, kawo shebur."

"Ka tabbata, tsoho? Ko akuya ba ta san nan ba."

"Haƙa dai."

Alkasum ya haƙa, ba komai. Illiya ya matsar da shi gabas kaɗan. Can shebur ya yi ƙara a kan siminti, tagulla ta fito.

Hajara ta durƙusa, ta dafa yashin gefen bornin, ta yi addu'a. Da ta miƙe ta ce, "Yanzu na sani."

Illiya yana can yana goge ƙusar da gefen rawaninsa.