Malama Dijatu da Littafin Zaman Assakio

Ƙarfe bakwai da kwata Malama Dijatu take sauka daga okada a ƙofar makarantar sakandaren da ta yi wa aiki shekara talatin da biyar a nan Lafia. Ba ta wucewa ofis. Sai ta tsaya wajen masu ƙosai da kunu da ke bakin get, jaka a kafaɗa, kamar mai neman abin karyawa, alhali ta karya tun daga gida. Kunne take kasawa. Abin da mai ƙosai ta ce wa mai saye, da abin da maigadi ya ce wa wanda ya makara, shi ɗalibai za su tarar a kan allo da Turanci kafin a gama sharar aji.

Turanci take koyarwa, duk sassansa, amma abin da tsofaffin ɗalibanta suka fi tunawa shi ne darasin da littafi ke kira direct and indirect speech, wato yadda za ka kawo maganar mutum kamar yadda ta fito daga bakinsa, da yadda za ka juya ta ka ba da labarinta da naka bakin. Sauran malamai mako biyu suke ba wannan darasi su wuce. Ita kuwa, kai! Daga zangon farko har na ƙarshe sai ta san yadda ta yi ta dawo da shi. Shi ya sa yara suka laƙaba mata Madam Shi-sed, wato She said, suna zaton ba ta sani ba. Ta sani sarai, har wanda ya fara ta sani.

Tsarinta ba shi da wuya. Za ta tsayar da ɗalibi ya faɗi magana ɗaya da Turanci, ta tsayar da wani ya ba da rahotonta. "Ni" ya koma "shi", "gobe" ta koma "washegari", aikatau ya ja baya zuwa lokacin da ya wuce, alamomin buɗe zance da rufe shi su sauka daga allo. Wannan kowane malami yana yi. Abin da ba kowa ke yi ba shi ne na ƙarshe: sai ta juya ga mai maganar ta tambaye shi ko ya yarda abin da ya faɗa ke nan. In ya ce a'a, to ko Turancin mai rahoton ya fi na Baturen Ingila, babu maki.

Halimat, tsohuwar ɗalibarta da ke aikin jinya yanzu, tana ba da nata labarin tana dariya. "Luqman ne ya tashi ya ce ba ya son wake. Ni kuma na miƙe na ce, He said that he hated his mother's food. Aji ya kwashe da dariya. Malama ko murmushi. Ta ce, 'Halimat, Turancinki ba shi da aibu. Amma ina ya ambaci mahaifiyarsa? In maganar nan ta isa gidansu yau, wa zai sha faɗa?' Ta ba ni sifili, wallahi sifili! Yanzu in majinyaci ya gaya mini abin da ke damunsa, kafin in maimaita wa likita fuskarta nake gani."

Irin waɗannan labarai ba sa ƙirguwa, kuma kowane malamin kirki yana da nasa. Wanda ya sa aka ɗauki alƙalami yau daban ne. Labarin wani littafin rubutu ne mai shafi arba'in, da yadda ya raba ta da ɗan'uwanta.

Malama tana da wa guda ɗaya, Alhaji Sha'aibu, dillalin doya da riɗi mai shago a kasuwa. Su biyu kaɗai mahaifiyarsu ta haifa. Da mahaifinsu ya rasu tana aji uku, dangi suka ce karatun ya isa haka, shi ya tsaya kai da fata sai da ta gama kwalejin horar da malamai. Ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai Yaya. Shi kuma Dije yake ce mata, har bayan ta yi jika.

Shekara goma sha bakwai ke nan da Alhaji ya karɓi aron gona a wani ƙauye bayan Assakio, wajen wani manomi ɗan ƙabilar Tiv mai suna Akaa. Shekara biyu yana noman riɗi lafiya lau, sai ya fara dasa kashu. To a wajen manoman can ba a dasa itace a gonar aro. Riɗi na shekara ɗaya ne, itace kuwa zama ne, wanda ya dasa shi gobe 'ya'yansa za su ce gonar ubansu ce. Akaa ya kai kuka wajen dagaci, aka sa ranar zama, aka ce a samo wanda zai rubuta abin da aka yi da Turanci saboda gaba. Alhaji da bakinsa ya ce, "Ina da ƙanwa, duk Lafia babu mai Turancinta." Shi ya ɗauko ta a motarsa ranar wata Asabar.

A wurin zaman Alhaji bai wahalar da kowa ba. Ya ce, "Aro ne, ban ce saye ba ne. Ranar da Akaa ko iyalinsa suka ce suna so, zan tattara in bar musu, har da itatuwan." Malama ta juya maganar Turanci ta rubuta, ta karanta ta da ƙarfi, ta mayar da ita Hausa, wani ya mayar wa Akaa da Tiv. Sannan ta yi abin da take yi a aji, ta tambayi kowannensu ko ya yarda abin da ya faɗa ke nan. Suka ce e. Alhaji ya sa hannu, Akaa ya dangwala yatsa, dagaci ya karɓi kwafi, ita ta dawo gida da littafin ta jefa shi cikin akwati.

Bayan shekara tara Akaa ya rasu. Dagacin ya riga shi, takardar da aka ba shi kuma gara ta cinye ta tare da akwatin da take ciki. Kashu ya yi girma, masu saye suna zuwa da manyan motoci. Matar Akaa, Doose, mai 'ya'ya huɗu, ta je ta nemi gonar, Alhaji ya ce ai saye ya yi. Ta kai ƙara kotu, aka tambaye ta takarda, babu. Wani tsoho ne ya tuna mata da matar da ta zo da littafi ranar nan.

Ranar wata Laraba an tashi daga makaranta Malama ta tarar da ita a bakin get, ta yi kusan awa uku a tsaye.

"Madam, ni matan Akaa ne," in ji Doose, da irin Hausar kasuwa. "Ya mutu. Alhaji ya ce gona nashi ne. An ce ke ne kin rubuta takarda."

Malama ta dube ta. "Kin san ko ni wace ce a wajen Alhaji?"

"Na sani, Madam. Shi ya sa na daɗe ban zo ba. Amma yara na ba su da inda za su sa doya bana."

"Ki koma gida tukuna," abin da Malama ta ce ke nan.

Ta isa gida ta buɗe akwati tana fatan, ita da kanta ta faɗa daga baya, kada ta sami littafin. Yana nan ƙarƙashin tsofaffin takardun darasi, ko kusurwa ɗaya bai yage ba. Ta karanta sau biyu, ta yi sallar la'asar, ta hau okada sai shagon wanta.

"Yaya, ka bar wa matar nan gonarta. Kada a kai ga ni da kai mu tsaya gaban alƙali."

"Wace gonar tata?"

"Littafin yana wajena."

Alhaji ya sallami masu auna riɗi, ya jawo mata kujera. "Dije, shekara tara fa. Wa ke ajiye littafin yara shekara tara? Ban ce ki rubuta komai ba, ban ce ki goge komai ba. In an tambaye ki, ki ce ya ɓace. Gara ta ci na dagaci, taki garar ba ta da haƙora ne?"

"Kai ka kai ni wurin, Yaya. Na tambaye ka a gaban mutane, ka ce haka ka ce."

"Ni na dasa itatuwan nan! Rani uku ina ɗora jarkoki a bayan mota ina kai musu ruwa. Yanzu da suka fara haihuwa za a ce in tattara?"

Gaskiyarsa ce, ya sha wahala a kansu, kuma duk wanda ya san Alhaji Sha'aibu ya san ba mugun mutum ba ne. Mutum ne da ya yi alkawari lokacin da itatuwa ba su kai gwiwa ba. Malama ta san wannan fiye da kowa, shi ya sa ta yi mako uku tana yawo tsakanin gidan kawunsu da gidan liman, ko za a samu wanda zai tausa shi a gama a gida. Ba a samu ba. Sammaci ya zo mata a makaranta, ta sa hannu ta karɓa ba tare da kowa ya lura ba.

A kotu ba ta yi minti goma ba. Ta miƙa littafin, aka ce ta karanta, ta karanta da Turanci yadda ta rubuta. Alƙali ya ce ko tana tuna yadda maganar ta fito daga bakin mai ita. Ta ce tana tunawa, ta faɗe ta da Hausa, wanta yana zaune kamu uku daga inda take tsaye. Aka nuna masa sa hannunsa, bai musa ba. Aka mayar wa Doose gona. Da aka fito Malama ta rusuna ta ce, "Yaya," ya bi ta gefenta ya shiga mota.

Yau shekara shida. Ba ya amsa gaisuwarta, abincin salla in ta aika a rufe yake dawowa. Da aka aurar da 'yarsa Rahma, wadda a ɗakin Malama aka yaye ta, a bakin maƙwabta ta ji ranar ɗaurin aure. Cikin dangi akwai masu cewa ta wulaƙanta wanda ya yi mata komai saboda bare, kuma har gobe suna faɗa. A makaranta kuwa babu wanda ya san an yi. Washegarin shari'ar ƙarfe bakwai da kwata tana bakin get wajen masu ƙosai. Sai bara labarin ya fito, shi ma daga bakin Doose, da ta kawo ƙaramar 'yarta aji ɗaya ta ce ita dai ajin Madam take so.

Ke ce, Malama, wadda aka nemi kalma ɗaya tak a bakinki, "ya ɓace", babu mai iya kama ki, babu mai zarginki, kika hana. Ke ce kika koya wa yara dubbai cewa maganar mutum in ta shigo bakinka ajiya ce, sannan da aka zo kanki ba ki ce wannan darasin aji ne ba. Dije ƙanwar Alhaji, mai riƙon maganar mutane. Mun san ba da jarumta kika tsaya a kotun nan ba, da ƙyar kika tsaya, kuma wannan ne ya sa muke ganin girmanki.

Asabar da ta wuce aka yi walimar ajiye aikinta a harabar makaranta. Katin gayyatar Alhaji ita ta kai masa shago da hannunta. Ya nuna mata tebur da haɓa, ta ajiye ta fito. Ta roƙi masu shiri su sa kujera ɗaya a sahun gaba, ta rubuta sunansa ta manna. Shugaban makaranta ya yi jawabi, tsofaffin ɗalibai suka ba ta firij da atamfa. Doose ta zo tun daga Assakio da babban ɗanta Terhide, da doya cike da keke mai ƙafa uku. Aka ba ta makirifo ta ce, "Wannan doya daga gona ɗin ne," ta zauna. Duk wannan ana yi, duk ƙarar motar da ta tsaya a get sai Malama ta waiwaya.

Bayan an ci abinci wata abokiyar aikinta ta tambaye ta a hankali ko ta taɓa yin nadama. Ta ce, "Ina kewar Yaya. Wallahi ina kewarsa, babu ranar da ba na tuna shi. Amma da za a sake miƙo mini littafin nan, abin da ya faɗa zan karanta."

Mun gode, Malama Dijatu. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki hutu mai albarka da lafiya mai ɗorewa, Ya sanyaya zuciyar da ta yi zafi a kanki. Mu kuma da muka rage, malamai da masu rubuta bayanin taro da masu kai saƙo tsakanin gida da gida, kowannenmu yana yini da maganar wani a bakinsa. Mu yi koyi da ita, mu isar da abin da aka faɗa ko da a kan namu zai faɗo.

Wanda kuma hanyarsa ta bi ta shagon Alhaji Sha'aibu, ya gaishe shi da girmamawa, ya gaya masa ranar nan an kwashe kujeru duka an loda a mota, ƙanwarsa ta ce a bar tasa tukuna.