Waƙar da Ruwa Kaɗai Ya Ji

A Yauri na tashi, a hannun kakata Iya Kulu, mai bandar kifi. Ba ta fara mana tatsuniya sai ta jera kifinta, wuta ta lafa ta koma garwashi. Mu jikokinta sai mu zagaye murhun, hayaƙi na sa mu hawaye, amma ba mai matsawa. Har yau in na ji ƙamshin busasshen kifi a shagon 'yan Afirka da ke Lanham, nan Amurka, muryarta nake ji.

"Ga ta nan, ta taho da ƙafarta," in ji ta.

"Ta zo ta zauna, Iya!"

"To, duk wanda ya taɓa mini kifi, a bakinsa za ta ƙare."

Wadda na fi so ita ce ta wani masunci da ya tsara wa matarsa waƙa. Kunya ta hana shi rera mata a gida, inda iyayensa za su ji. Sai ya yi mata alkawari: ranar da ya rataye tarunsa, zai sa ta a kwalekwale su bi kogin Kwara har inda ruwa ba shi da gaɓa, can zai rera mata. Kowace shekara sai ya ƙara baiti ɗaya, ya ce bari wannan kamun ya wuce. Da ya rataye tarun suka tafi. Ruwa ya kwanta luf, ya buɗe baki ya rera tun daga farko har ƙarshe. Ita kuwa tsufa ya riga ya toshe mata kunne. Bakinsa kawai take kallo tana murmushi.

"Iya, me waƙar ta ce?"

"Ji 'yar nan da son zancen soyayya! Je ki tambayi ruwa, shi ya ji."

A lokacin dariya muka yi. Ni da na girma da littattafan soyayya a ƙarƙashin matashi, na ɗauka duk wanda ya yi haƙuri sai ya ji waƙarsa.

Mijina, Baban Amira, ya yi shekaru yana karanta labarai a gidan rediyo a Washington. A cikin jirgin ƙasa, zuwa da dawowa, yake rubuta mini waƙoƙi a wani ƙaramin littafi mai baƙin bango. Da ajami yake rubutawa, babu wasali, irin rubutun da mai shi kaɗai ke ganewa. In na matsa masa sai ya ce, "Ki bari in yi ritaya, Hajiyata. A tsakiyar teku zan karanta miki." Baiti ɗaya tak ya taɓa ba ni:

Ranar da na aje aiki, na rufe bakin duniya,
Ni da ke da ruwa shiru, ba mai kiran mu gida.

Bai cika wata uku da ritaya ba ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta tafi.

'Yarmu Amira, da aka haifa a nan, ko Hausar boko da ƙyar take haɗawa. Ta ce in kai wa wani malami a Beltsville ya karanta mini. Yaya zan zauna gaban wani namiji yana karanta abin da mijina ya ɓoye wa kowa? Ko shi Baban Amira, da ya ji zancen, sai ya ɗora hannunsa mai lafiya a kan littafin ya danne.

Bazarar da ta wuce na tura shi a kekensa na marasa lafiya muka shiga jirgin ruwan 'yan yawo a Annapolis. Da muka yi nisa, gari ya ɓace, na buɗe masa littafin a kan cinyarsa. Ya sa yatsa yana bin layi, leɓensa na motsi, shafi bayan shafi. Ban ji komai ba sai ruwa na dukan jirgi.

Nan na tuna matar masunci. Da ina tsammanin murmushin jin daɗi take yi. Ashe don kada ya daina ne.

Sai na gyara masa hula, na kalli bakinsa, na yi murmushi.