Ranar da na kai jirgin yaƙi gidan Kawu a kan babur

Shekarun baya, lokacin da na gama karatu ina zaman jiran aiki a gidanmu da ke Limawa, wani gem na kwamfuta ya kama ni kamu na gaske. A cikinsa kai ne kyaftin ɗin jirgin yaƙi mai nitso a ƙarƙashin teku. Ni da ko kududdufi ban taɓa iyo a ciki ba, ga ni ina ba matuƙa umarni a tsakiyar teku.

Tsarin da na zaɓa ba shi da tausayi. Za ka fara da ƙaramin muƙami, kana fita sintiri kana dawowa, ana ƙara maka girma har yaƙi ya ƙare. Amma rai ɗaya ne. In aka nutsar da jirginka, ko kwamfuta ta mutu alhali abokan gaba suna kanka, shi ke nan, an shafe kyaftin da duk mutanensa. Wata da watanni na yi ina rainon nawa, har na san fuskokin matuƙan fiye da na wasu 'yan unguwarmu.

Wata rana da zafi, bayan azahar, ni da abokina muna ɗaki. Na harbi wani jirgin dakon mai, sai jiragen da ke rakiyarsa suka yo kaina. Na nitsa can ƙasa, suna ta sako mana bama-bamai. Ana cikin haka aka ɗauke wuta.

Kwamfutar tsohuwa ce, batirinta kuwa ba ya jure komai, ko rufe ta ka yi sai ta mutu. Gem ɗin kuma ba ya yarda ka adana wasa sai ka kuɓuta. Na tsayar da shi, na dubi abokina.

"Gidan Kawunka akwai sola," in ji shi. "Tashi, malam!"

Kawu yayan mahaifiyata ne, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya, mutum ne da ko dariya ba ya yi a banza. Rabona da gidansa tun sallah. Amma ina na ga ta zaɓi? Na hau bayan babur ɗin abokina, kwamfuta a buɗe a cinyata, ina kare ta da hula saboda rana. Duk ramin da muka faɗa sai na ce, "Kai, a hankali, akwai mutane a ciki!" Shi kuwa yana ta ƙyaƙyata dariya yana danna hon.

Muka tarar da Kawu a falo yana sauraren rediyo. Ga soket can a bango kusa da kafaɗarsa, ina ganinsa ƙuru-ƙuru. To amma wa zai shiga gidan babba ya ce a ba shi caji kafin gaisuwa? Na durƙusa.

"Kawu, barka da yamma."

"A'a, yau kai ne a gidan? Ya mahaifiyarka? Ya ƙafar tata?"

"Da sauƙi, Kawu."

"Ya zafi? Ya zaman jira? Kun ji labarin mutanen Buji kuwa, an yi musu ruwa?"

Ina amsawa ina satar kallon alamar batir, ta koma ja. Gumi har cikin idona. Kawu bai taɓa gaisuwa mai tsawon ta ranar ba, sai da ya tambayi kowa har awakin gidanmu. Daga ƙarshe ya sauke tabarau ya ce, "Wai me kake ta leƙe a abin nan kamar mai gadin nono a wuta?"

Na faɗa masa gaskiya, ina jiran faɗa. Sai ya miƙa hannu ya zare wayarsa daga soket. "Sa. Mu ga jirgin."

Da na ji ƙarar caji ta shiga, wallahi kamar in yi kuka don daɗi. Na ci gaba da wasa. Na yi masa bayani cewa jiragen da ke samanmu suna sauraren motsinmu ne, don haka an kashe inji, matuƙa ma raɗa suke yi. Kawu ya kashe rediyo. Muka yi tsit mu uku, sai ƙarar farfelar jirgin abokan gaba tana wucewa ta kanmu. Matarsa ta shigo da kwanon fura tana sallama, Kawu ya ɗaga mata hannu da sauri.

"Hajiya, yi a hankali, za su ji mu!"

Ta tsaya da kwano a hannu, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Allah ya shirya," ta ajiye ta fita.

Bam ya fashe kusa da mu, fitilun jirgi suka ɗauke, ruwa ya fara shigowa. Kawu ya matso har gwiwarsa tana taɓa tawa. "Ƙara ƙasa! Ƙara ƙasa mana, yaro!" Na ƙara, ƙarfen jirgi yana kuka. Can sai ƙarar ta fara nisa, ta yi nisa, ta ɓace. Abokina ya yi tsalle ya buga kabbara. Nan take na danna adanawa, Kawu kuwa ya jingina yana share goshi da hularsa, yana dariyar da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba.

Tun daga ranar sintiri ya koma falon Kawu. In na kwana biyu ban je ba sai ya kira mahaifiyata ya ce, "Ina kyaftin?" Har yau in na tuna nakan ji daɗi da 'yar kunya, domin duk tsoron da na yi shekaru ina yi masa, ashe mutumin zaman kaɗaici ne ya ishe shi.

Tare muka kai ƙarshen yaƙin. Allo ya nuna an sallami kyaftin da lambar girma, ya koma gida da ransa. Kawu ya daɗe yana kallon rubutun, sannan ya juyo gare ni da gaske.

"To madalla. Amma duba mana da kyau, shi an fara biyansa fanshon kuwa?"